Zanen birni a lokacin hunturu da fentin mai: amsa ga wani ɗalibi a Jidda

Wani matashi daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Jidda ya aiko mini da tambaya, ya ce: "Malam, na yi shekara biyu ina zane da fensir, bana kuma na sayi fentin mai. Na samu hoton wani titi a Istambul ranar da aka yi dusar ƙanƙara, na gwada zana shi har sau uku, amma kullum sai ya fito kamar an watsa alli a kan taɓo. Ga shi ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Ta ina zan fara, kuma mene ne nake yi ba daidai ba?"

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Yadda ka siffanta zanen naka ya nuna mini cewa idonka yana gani daidai, hannu ne kawai bai kai ba tukuna. Alli da taɓon da ka ambata cututtuka biyu ne, kowace da sanadinta. Allin yana zuwa ne daga yawan farin fenti, taɓon kuwa daga yawan cakuɗa launuka da maimaita goga buroshi a wuri guda. Amma tushensu ɗaya ne, wato zaton da kusan kowane sabon mai zane yake yi cewa sanyi yana cikin bututun farin fenti, idan ana son zane ya yi sanyi sai a ƙara fari. Sanyi a zane yana fitowa ne daga yadda launi yake zama kusa da ɗan'uwansa, da tsawon inuwa, da irin hasken da ke sararin sama, kuma duk waɗannan kana iya koyonsu a Jidda ba tare da ka taka ƙanƙara ba.

Mu fara da ita dusar. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta, saboda haka launin abin da ke haska ta take ɗauka. Inda rana ta same ta sai ta yi ruwan madara mai ɗumi, da hantsi ko da yamma har ta ɗan yi ruwan hoda. Inda inuwa ta faɗa kuwa, rana ba ta kai wurin ba, shuɗin sama ne kaɗai ke haska shi, sai inuwar ta yi shuɗi ko ta karkata zuwa shunayya. Ranar da gajimare ya rufe, sai komai ya koma ruwan toka mai laushi, kuma sau da yawa za ka tarar sama ta fi ƙasa duhu, abin da idonmu bai saba da shi ba a nan. A cikin birni abin ya wuce haka, domin tayoyin mota da ƙafafun mutane suna mayar da ita ruwan ƙasa a tsakiyar titi, mai tsabtar sai a kan rufin gidaje da bakin tagogi da saman motocin da suka kwana a waje. Ka nemi zanen da mai zanen Faransa Claude Monet ya yi tsakanin 1868 da 1869, na wani tsuntsu zaune a kan ƙofar shinge, wanda masu tantance babban baje kolin Faris suka ƙi karɓa a 1869, yau kuma yana gidan tarihi na Orsay da ke Faris. Ka dubi inuwar shingen yadda ta kwanta shuɗiya a kan dusar. Sannan ka nemi na Gustave Caillebotte na 1878, na rufin gidajen Faris bayan an yi dusa, wanda ya fi kusa da abin da kake son yi, ka lura da yadda tsantsar fari ya yi ƙaranci a cikinsa, mafi yawansa toka ne iri-iri.

Ni kaina na daɗe da sanin wannan a baki kafin in gaskata shi. Wata shekara da aka ce dusa ta sauka a Jabalul Lauz, dutsen nan na yankin Tabuk da tsayinsa ya haura mita 2,500, muka kama hanya ni da wani abokina, muka isa da hantsi rana ta fito. Na ciro farar takarda daga littafin zanena, na huda tsakiyarta da fensir, na riƙe ta a rana, na leƙa inuwar wani dutse ta cikin hudar. Abin da na gani shuɗi ne sosai, irin na ruwan bula da iyayenmu mata ke tsoma fararen kaya a ciki, kuma ya fi takardar duhu nesa ba kusa ba. Da na janye takardar sai idona ya sake ce mini fari ne. Gani ya kori ji, amma a ranar na fahimci cewa shi ma ganin sai an yi masa dabara, domin ƙwaƙwalwa tana gyara abin da ido ya kawo mata ta mayar da shi yadda ta san sunansa. Ka huda takarda irin wannan ka riƙa yawo da ita, ta fi maka buroshi mai tsada amfani.

Ba sai ka je Tabuk ba. Ka ɗauki harami, ka hau da shi soro da sassafe ranar da sama ta yi garau, ka jefa shi ƙasa ya tattare yadda ya ga dama, ka zauna ka zana shi a ƙaramin allo. Farin yadi ne mai kauri, yana da tudu da kwari, rana tana bugun gefe ɗaya, sama tana haska ɗaya gefen, kuma duk abin da dusar ƙanƙara ke yi da haske shi ma yana yi. Sharaɗin da zan gindaya maka shi ne kada ka ɗora tsantsar fari daga bututu ko sau ɗaya sai a ƙarshe, a wuri biyu ko uku da ba su wuce girman ƙwayar wake ba. Wanda ya yi wannan sau biyar ya gama rabin karatun dusar ƙanƙara.

Game da kayan aiki, farin da ake sayarwa a yawancin shaguna na titaniyom ne, wanda ya yaɗu a hannun masu zane tun daga shekarun 1920. Yana da ƙarfin rufewa ƙwarai, kuma duk launin da ka zuba masa sai ya kashe masa kaifi ya sanyaya shi ya bar shi kamar an barbaɗa gari, wannan shi ne allin da kake gani. Maganinsa shi ne duk lokacin da ka haskaka launi da fari, ka mayar masa da ɗan ɗumi ta hanyar taɓa rawayar ƙasa kaɗan. Farin zinki ya fi shi laushi, amma an san shi da yin gautsi da tsagewa idan ya tsufa, don haka kada ka yi shimfiɗar ƙasa da shi. Launuka biyar sun ishe ka a wannan aiki: farin titaniyom, da shuɗin altramarin, da siyena ƙonanniya mai ruwan makuba, da rawayar ƙasa da ake kira oka, da ja guda ɗaya. Baƙi ba ya cikin lissafi a yanzu, domin altramarin da siyena idan suka haɗu suna ba ka duhu mai rai, wanda za ka iya karkatar da shi wajen sanyi ko wajen ɗumi ta ƙara ɗayansu, kuma idan ka sa musu fari sai su ba ka dukan tokar da birnin hunturu ke bukata. Ka haɗa launi da wuƙar fenti a kan faranti, kada haɗin ya wuce launi uku, ka ɗora shi sau ɗaya ka ɗauke hannu. Idan bai yi ba, ka kankare shi da wuƙa ka sake ɗora sabo, domin gogawa a kan gogawa ita ke haifar da taɓo.

Kada ka fara a kan farin yadi. Farin yadi yana yaudarar ido, duk abin da ka ɗora masa sai ya yi kamar ya yi duhu, sai ka yi ta ƙara fari har zanen ya mutu. Ka tsinka siyena da ɗan tarbantin, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ka shafe yadin duka, ka goge da tsumma ya zama ruwan shayi mai madara, ka bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Wannan ɗumin da ke ƙasa zai riƙa leƙowa ta tsakanin shuɗi da toka, kuma shi ne zai sa sanyin ya ji a jiki. Kafin nan kuma, ka mayar da hoton wayarka baƙi da fari, ka kanne ido, ka raba shi gida huɗu kawai: mafi duhu, da mai bi masa, da mai haske, da mafi haske. Ka zana wannan rabon a takarda da ba ta wuce tafin hannu ba. Idan bai yi kyau a tafin hannu ba, ba zai yi kyau a babban yadi ba, ko da ka kwana wata kana ƙawata shi. Ka kuma sani cewa kyamara tana ƙarya a wuri biyu, tana ƙone wurin haske ya zama fari fat babu komai a ciki, tana kuma toshe inuwa ta zama baƙa ƙirin, saboda haka aikinka ne ka mayar wa waɗannan wurare da launinsu.

Gina shi kansa birnin abu ne da shekarunka biyu na fensir za su taimake ka a kai. Ka fara jan layi guda a daidai tsayin idon mai kallo, ka sa ɗigo inda gefen titi biyu za su haɗu a nesa, duk layin rufi da na tagogi da na bakin titi su nufi ɗigon nan. Idan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kuma a tsaye aka ɗauki hoton, kawunan mutane na kusa da na nesa duk a kan layin idon suke zama, ƙafafunsu ne ke hawa sama yayin da suke nisa. Tagogi kuwa kada ka ƙirga su. Na kusa guda uku ko huɗu ka ba su haƙƙinsu, sauran ka bar su alamu, kuma duk ginin da ya yi nisa ka rage masa duhu da kaifin baki ka karkatar da shi zuwa launin sama, domin iskar da ke tsakaninka da shi ita ma tana da launi.

Akwai abu guda da ban cika jin ana faɗa wa ɗalibai ba, alhali shi ne yake gaya wa mai kallo wata da ƙasar da aka yi zane, wato tsawon inuwa. Mu da muka tashi ana koya mana gane lokacin azahar da la'asar da inuwar sanda bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. A Makka, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana tana tsayawa a kan Ka'aba da tsakar rana har inuwa ta ɓace. Amma wajen 21 ga Disamba, a Makka da Jidda, rana ba ta wuce kusan digiri 45 daga ƙasa ko da tsakar rana, ma'ana inuwar gini tana kai tsayin ginin, kuma arewa take faɗawa. A Istambul, inda hotonka ya fito, ranar ba ta wuce kusan digiri 26, inuwa ta ninka tsayin abu sau biyu. A Faris digiri 18 ne, inuwa ta ninka sau uku. Wannan ne ya sa titin Turai a hunturu yawanci yana cikin inuwa baki ɗaya, rana tana taɓa saman gine-gine ne kawai. Idan ka yi wa titin Istambul gajeriyar inuwa irin ta watan Yuni a Jidda, ko ka tula masa fari mudu guda ba zai yi sanyi ba.

Yanzu bari in gaya maka ra'ayina, kana da ikon ɗauka ko bari. Ka ajiye hoton Istambul zuwa wani lokaci, ka zana hunturun da kake ji a fatarka. Mutanen Najdu suna lissafin Murabba'aniyya, kwana arba'in na tsananin ɗari da ke farawa wajen 7 ga Disamba, kuma duk wanda ya yi asuba a Riyad ko Madina a kwanakin nan ya san cewa ƙasar nan tana da hunturu na gaske. Ka lura da yadda titi ke canja launi, fararen jallabiyoyi su ɓace, masu ruwan toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu su fito, dattawa su yafa farwa, alkyabbar sanyi mai gashi a ciki. A Ta'if da Abha hazo yana saukowa ya haɗiye rabin titi. A Jidda kuwa ɗan ruwan saman da ake samu a shekara yawancinsa tsakanin Nuwamba da Janairu yake zuwa, kuma ban san abin da ya fi lungunan Balad, wato tsohon garin Jidda, kyau ba bayan an ɗauke ruwa, lokacin da katakon rawashin, tagogin nan masu sassaƙa da ke fitowa daga jikin tsofaffin gidaje, ya jiƙe ya yi duhu, farin bangon dutsen murjani ya koma toka, tururi yana tashi daga tukunyar mai balila, wato dafaffen waken hummus da ake sayarwa a titi, hayaƙin mai tsire yana kwance a ƙasa bai tashi ba. UNESCO ta sa wannan tsohon gari cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma marigayiya Safiyya Binzagr, wadda aka haifa a Jidda a 1940, ta ƙarar da rayuwarta tana zana al'adu da rayuwar mutanen Hijaz tun kafin mutane da yawa su ga darajar yin hakan. Wasu unguwannin da muka yi ƙuruciya a cikinsu babu su yanzu, kuma ina baƙin cikin ƙarancin abin da na zana daga cikinsu sa'ad da suke tsaye. Titin Istambul yana da dubban masu zana shi. Lungun da kake bi zuwa masallaci da asuba a watan Janairu wataƙila kai kaɗai gare shi.

Ba kuma dole ne ka kafa allo a tsakiyar kasuwa ba. Mai zane Camille Pissarro, da ciwon ido ya hana shi aiki a waje, ya kama ɗaki a wani otal a Faris a 1897, ya zana titin Montmartre daga taga guda fiye da sau goma, da safiyar hunturu, da rana, da dare, da lokacin ruwa. Taga ɗaya ko soro ɗaya ya isa, matuƙar za ka riƙa komawa a lokaci guda kullum, domin haske ba ya jiranka fiye da awa ɗaya da rabi ko biyu kafin inuwa ta sauya wuri.

Jiƙaƙƙen titi yana da ƙa'idarsa. Hoton abu a ruwa yana sauka ne kai tsaye ƙasa da shi, zuwa wajen mai kallo, don haka ka ja buroshi daga sama zuwa ƙasa, sannan ka yanka shi da 'yan layuka kaɗan a kwance. Abu mai duhu yakan ɗan yi haske a cikin ruwa, mai haske kuma yakan ɗan yi duhu. Mafi daɗin lokaci shi ne tsakanin faɗuwar rana da kiran isha, sa'ad da sama take da sauran shuɗi kuma an kunna fitilu. Fitilar shago guda mai ruwan goro a cikin zanen da duk ya cika da shuɗi da toka ta fi guda ashirin tasiri. Ka fara shafa mata da'ira mai ɗumi a kan bangon da ke kewaye da ita, sannan ka ɗiga tsakiyar da kauri. Mutane kuwa, na san da yawa daga cikinmu suna kaffa-kaffa da zanen mai rai, kuma wannan mas'ala ce da za ka kai wa malaminka. Abin da zan ce ta fuskar sana'a shi ne, a zanen birni mutum bugun buroshi biyu ne ko uku daga nesa, babu fuska, kuma titi da ba kowa da asuba, da keken mai shayi a gefe da ƙofa guda a buɗe, yana ba da labarin sanyi sarai.

Saura maganar jerin shafi, wadda ita ce ke raba zanen da zai daɗe da wanda zai lalace. Ka fara da duhu ka tafi zuwa haske, ka fara da siriri ka ƙare da kauri, kuma kowane shafi na sama ya fi na ƙasansa mai. Na farko da ɗan tarbantin, na tsakiya yadda ya fito daga bututu, na ƙarshe da ɗigon man kattan, wato man linsid da ake haɗa fentin mai da shi. Dalili shi ne fentin mai ba ya bushewa ta hanyar ƙafewa kamar ruwa, iska yake sha a hankali ya daskare, kuma mai yawan mai ya fi jinkiri. Idan shafi mai ƙarancin mai, wanda ke saurin bushewa, ya hau kan wanda bai gama motsi ba, sai ya tsage. Na taɓa yin zanen wani lungu da na fi so a duk aikina na lokacin, na cika shimfiɗar ƙasa da mai don ta yi santsi, na ɗora farin bango da tarbantin bayan kwana biyu, shekara ba ta zagayo ba bangon ya dare kamar ƙasar fadama da rani, kuma babu gyara. Ka sani kuma launuka ba sa bushewa tare, siyena da sauran launukan ƙasa suna da sauri, farin titaniyom yana iya kai mako idan ya yi kauri. Warnish, wato ruwan kariya da ake shafa wa zane a ƙarshe, sai bayan wata shida aƙalla.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar ɗanyen zane, ka jingina shi fuskarsa na kallon bango da ɗan tazara, amma kada ka kulle shi a duhu, domin man kattan yana yin rawaya a duhu kuma fararen wurare ne suka fi nuna hakan. Kada ka yi aiki da tarbantin a rufaffen ɗaki da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne, ka buɗe taga, hunturu ma ya sauƙaƙa maka wannan. Tsumman da ya sha man kattan kada ka dunƙule shi ka jefa a kwando, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta, ka shanya shi a buɗe ko ka tsoma shi a gwangwanin ruwa mai murfi.

Ka sayi ƙananan alluna shida masu santimita 20 da 30. Biyu na harami ne a soro, biyu na titinku ne daga taga guda da safe da kuma bayan magariba, ɗaya ka ajiye shi a shirye don ranar da aka yi ruwa, kowanne kada ya wuce zama ɗaya. Na shidan shi ne na Istambul, kuma kada ka taɓa shi sai biyar ɗin sun bushe. Idan ka gama, ka ɗauki hotonsu da rana a cikin inuwa, ba a ƙarƙashin fitilar ɗaki ba, ka turo mini tare da 'yar takardar rabon haske da duhu ta kowanne, domin ita zan fara dubawa kafin in dubi fentin.